Wayoyi a Cikin Kaina

Na yi shekaru ina farfaɗiya ban san yadda take ba. Mai faɗuwa ba ya nan a lokacin da abin yake faruwa, don haka ni kafinta da bayanta kawai na sani. Kafin ta zo nakan ji wani abu ya taso mini daga ciki, irin wanda mutum kan ji idan mota ta gangara kwari da gudu, sai ƙaurin gyaɗar da ta ƙone a kasko ya cika mini hanci ko da babu wuta a kusa. Daga nan sai in buɗe ido in ga ƙafafun mutane.

Da girmana ta same ni. Na gama kwalejin horon malamai a Bici, ina koyarwa a wata firamare kusa da ƙauyenmu a ƙasar Tofa, na yi aure har mun haihu. Wata ranar kasuwa ina dawowa a kan babur, wani jaki ɗauke da mangalar taki ya fito daga tsakanin gonaki ya shiga hanya. Na kauce masa, na daki gindin gawo. Aka kai ni asibiti aka ɗinke mini gefen kai na hagu, na ɗan kwana biyu aka sallame ni. Gashi ya rufe tabon, har na manta da maganar. Sai da damina ta zagayo, ina noman farko a gonarmu ta bayan gari, na faɗi a tsakanin kunyoyi da fartanya a hannuna.

Mutane sun fi tsoron faɗuwar, amma ni abin da ya fi tsawo a wurina shi ne dawowar. Nakan farka da ɗanɗanon jini a baki saboda na ciji harshe, jikina kamar an yi sussuka a kansa. Zan ga mai ɗakina a tsugune, na san tawa ce, amma sunanta ba zai zo ba. Zan so ruwa, ga randa ina gani, amma kalmar ruwa ta ɓace. Ba na jin tsoro a lokacin, ba na jin kunya. Ina nan kawai, kamar buhun da aka jingine a zaure. Wani lokaci abin ya wuce kafin la'asar, wani lokaci sai washegari nake zama mutum.

A wajenmu gida yana manne da gona, gona tana manne da ta maƙwabci, ba a ɓoye komai. Kafin in tashi daga faɗuwar farko labari ya kai ƙauyuka uku. An zuba toka a inda kumfar bakina ta zuba, don an ce duk wanda ya taka zai ɗauka. A wajen suna ko ɗaurin aure sai a zubo mini tuwo a kwano dabam, a ce wai don in sake. A masallaci wanda ke gefena ya riƙa barin ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da tawa. Ina ganin duk wannan, ina lura da shi ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa sa ni fushi ba. Inna, mahaifiyata, ita ce ta yi fushin. Ta koma cin abinci a kwanona da gangan a gaban matan unguwa, tana shan ruwa a moɗata.

Mun yi na gida tukuna. Na sha rubutu, an yi mini ruƙiya, an turara ni da hayaƙi iri-iri a cikin bargo har idanuna suka yi ja. Malamin da ya fi daɗewa a kaina dattijo ne abokin marigayi Baba, kuma shi ne da kansa ya ce da Inna wannan ba iska ba ce, ciwo ne, a kai ni birni. A birni aka ba ni ƙwayoyi. Da suka kasa aka ƙara wasu, da waɗannan suka kasa aka haɗa mini uku. Sun rage faɗuwar, ba su hana ta ba, kuma sun sa kaina kamar an cusa masa auduga. Magana takan iso ni a makare. Idan aka yi dariya a majalisa sai in duba fuskoki in yi tawa daga baya.

Na bar babur. Na bar zuwa bakin rijiya, na bar zama kusa da wuta. Bayan na faɗi a gaban 'yan aji huɗu, yara suka watse da kuka, hedimasta ya kira ni ya ce in riƙa kula da ɗakin ajiyar littattafai kafin in samu sauƙi. Ya faɗa cikin ladabi, yana ta ba ni haƙuri. Na ce ba komai. Da gaske nake, ban ji komai ba.

A asibitin birni aka mayar da ni hannun wata likitar ƙwaƙwalwa, mace mai magana a hankali. Ita ce ta fara tambayata abin da ba wanda ya taɓa tambaya. Sauran suna tambayar sau nawa na faɗi, ita kuwa ta ce in ba ta labarin tashin. Ta ce ita da abokan aikinta suna bincike a kan yadda mutum yake dawowa hayyacinsa bayan farfaɗiya, abin da ke fara dawowa da abin da ke jinkiri, kuma idan na yarda za ta sa ni a ciki. Na yarda. Sai ta juya wajen mai ɗakina ta koya mata abin da za ta yi: ta kwantar da ni a gefe, ta janye duk abin da zai ji mini ciwo, kada ta sa mini cokali ko yatsa a baki, kada a danne ni. Sannan ta ce idan abin ya zo ta ɗauke ni a waya, kada ta tsayar har sai na amsa mata magana.

Mai ɗakina ta ce,

“Likita, yana kwance a ƙasa ni kuma ina riƙe da waya?”

“Ki gyara shi tukuna, sannan ki ɗauka. Idonki ya ga abin da nawa bai taɓa gani ba, ina so ki ara mini shi.”

Ta ɗauka kuwa. Da muka koma, likitar ta tambaye ni ko ina son in gani, ta ce ba dole ba ne. Na ce a nuna mini.

Tsakar gidanmu ne, da hantsi. Wani mutum yana kwance kusa da turmi sanye da rigata mai ruwan toka. Kansa ya juya dama kamar ana jan sa da igiya, hannunsa ya sandare, sannan duk jikin ya shiga karkarwa. Wani gurnani yana fita daga bakinsa wanda ban taɓa jin irinsa a bakin ɗan Adam ba. Wandonsa ya jiƙe. Ana ganin ƙafafun Inna a gefe, ana jin tana salati. Wata kaza ta wuce ta bayan kansa tana tsattsagar ƙasa. Da jikin ya lafa, mutumin ya tashi zaune yana jan wuyan rigarsa, yana kallon turmi. Muryar mai ɗakina ta fito daga bayan wayar, ba rawa a cikinta: “Malam, wace ce ni?” Ya dube ta, ya motsa baki, ya ce wani abu mai kama da “alli”. Ta sake tambaya. Haka ta yi ta yi.

Likitar tana kallon fuskata, mai ɗakina ta sunkuyar da kai. Na san suna jiran in yi wani abu. Ni kuwa abin da na lura da shi shi ne katangar da ke bayan turmin ta zaizaye daga ƙasa, tana bukatar yaɓe kafin ruwa ya sauka. Na ce na gani, na gode.

An yi mini hoton ƙwaƙwalwa, an manna mini wayoyi a fatar kai an ɗaure da bandeji. Sun nuna matsalar tana hagu, wajen tsohon tabon, amma ba su nuna ainihin wurin ba. Likitar ta ce wannan kamar mutum ne ya tsaya a bayan katanga yana jin hayaniya a cikin gida, ya san ana faɗa amma bai san a wane ɗaki ba. Ta ce akwai wani asibiti a ƙasar waje da suke aikin binciken tare, inda ake huda ƙananan ramuka a ƙoƙon kai a zura wayoyi sirara kamar tsinken tsintsiya har cikin ƙwaƙwalwa, a bar su a ciki, a jira farfaɗiyar ta zo a ga daga inda take tasowa. Idan wurin mai ciruwa ne, a cire shi, wasu sukan rabu da ciwon. Idan ba mai ciruwa ba ne, a zare wayoyin mutum ya dawo gida. Ta lissafa mini abin da kan iya faruwa, zubar jini, ƙwayar cuta, har da wanda ba a so. Ta ce in je in yi shawara.

A zauren gidanmu aka yi shawarar, ni da Inna da Yaya, babban wana, wanda yake sana'ar fawa a kasuwannin ƙauye. Inna ta ce ba za a taɓa mata kan ɗa ba, wanda ya ɗora ciwon Shi zai sauke. Yaya ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce shi ya fasa kan rago da na sa ba adadi, ya san yadda ƙwaƙwalwa take, abu ce da ko yatsa ba ta jurewa. Amma kuma ya ce ya gaji da ganin ƙaninsa yana zaune a ɗakin littattafai kamar wanda aka ajiye. Suka yi ta yi, ni ina kallon tururuwa suna jan ƙwayar gero a bakin ƙofa. Daga ƙarshe Yaya ya juyo.

“Kai fa ake magana a kanka. Me kake so?”

Na nemi amsar a cikina ban same ta ba. Na ce duk yadda suka yanke daidai ne. Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sai ta ce a tafi. Daga baya ta gaya wa mai ɗakina cewa amsar nan tawa ce ta sa ta yarda, don ɗan da ta haifa ba haka yake magana ba.

Bayan an gama girbi an zuba hatsi a rumbu muka tafi, ni da Yaya. Ban riƙe komai na hanya ba in ban da sanyin jirgi. An aske mini kai, an sa ni barci, na farka da rawanin bandeji mai nauyi, wata igiya mai kauri ta fito daga ƙeyata ta shiga wata na'ura a jikin bango. Akwai kyamara a sama tana kallona dare da rana. An ɗaure ƙarafan gefen gadon da katifu. An ba Yaya wani maɓalli aka ce da ya ga na canza ya danna. Kaina bai yi ciwo sosai ba, sai dai idan na tauna abinci. Ba a yarda ruwa ya taɓa kan ba, don haka taimama nake yi da wani ɗan dutse da Yaya ya tsinto a harabar asibitin, in yi salla a zaune a kan gado.

Sai suka fara janye mini magani, don so suke farfaɗiyar ta zo.

Ta ƙi zuwa. Ciwon da yake kayar da ni a aji da gona da bakin masallaci, da aka shimfiɗa masa gado aka ce bismilla, sai ya noƙe. Kwanaki suka yi ta wucewa. Likitoci su shigo da safe su duba layukan da ke gudana a allon na'urar, su tambaye ni da Turanci ko na ji wani abu, in ce a'a, su fita. Suka hana ni barci, suka sa ni hura iska da sauri. Yaya yana zaune a kujera da maɓalli a hannu, mutumin da bai saba zama ba, yana kallon fuskata kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Da maganin ya ragu a jikina na zaci audugar da ke kaina za ta yaye in ji wani abu, ko tsoro ne, ko kewar gida. Kaina ya washe kam, ina jin ƙarar takalmin ma'aikata tun daga nesa, amma cikina yana nan yadda yake.

Wata rana da yamma mai ɗakina ta kira, ta miƙa wa Inna wayar. Inna ta ce an yi saukar Alƙur'ani a zaure, ita ma ba ta fasa roƙo ba, in sha Allahu ko sau ɗaya abin ba zai zo mini a can ba.

Na ce, “Inna, ki roƙa ya zo. Idan bai zo ba, ba za su ga komai ba.”

Na ji numfashinta a wayar, na ji kukan akuya a bayanta. Ta ce ita bakinta ba zai iya wannan ba. Sai ta ce, “Allah Ya yi abin da ya fi alheri,” ta mayar da wayar.

Farfaɗiyar ta zo da rana tsaka, Yaya yana ɓare mini lemo. Na ji abin ya taso daga ciki, na ce “Yaya”, shi ke nan. Da na buɗe ido ɗakin cike yake da mutane, wata ma'aikaciya tana nuna mini biro tana tambayar sunansa. Fuskokinsu a sake suke, wani ma yana murmushi yana nuna allon na'urar. Ban taɓa farkawa na tarar da mutane suna murna ba sai ranar. Yaya kaɗai ne ya juya baya yana kallon taga, lemon yana ƙasa. Farfaɗiyar ta sake zuwa bayan wannan, har suka ce ya isa.

Saura gwaji ɗaya. Babban likitan, wani dattijo mai furfura, ya zauna kusa da gadon ya ce zai riƙa sakin wuta 'yar kaɗan ta kowace waya, ni kuma in riƙa faɗin sunan abin da ke cikin hotunan da za a nuna mini, da Turanci sannan da harshena. Tunda ba mai jin Hausa a cikinsu, aka ce Yaya ya tsaya ya riƙa gyaɗa kai idan na faɗa daidai. Aka nuna doki, na faɗa, Yaya ya gyaɗa kai. Aka nuna kujera, aka nuna kifi. A wata wayar na ji kamar ana tsikarin yatsuna da allura. A wata ban ji komai ba. A wata sai ƙaurin gyaɗa ya cika mini hanci, na ce musu ga ta nan, ita ce. Likitan ya ɗaga hannunsa daga na'urar, ƙaurin ya ɗauke.

Sai ya matsa zuwa wayar da ke kusa da ita. Aka ɗaga hoton akuya. Na san ta, na san kukanta, na san yadda ake ɗaure ta a turke. Na buɗe baki babu komai. Yaya ya matso yana motsa leɓe yana faɗa mini a hankali, ina jin sautin amma bai zama kalma ba. Likitan ya saki, na ce akuya. Ya sake dannawa, ta sake tafiya. Ya yi haka har sau da yawa, yana rubutu.

Washegari ya zo ya zauna, ya yi bayani a hankali don in fassara wa Yaya. Sun ga wurin. Amma yana manne da inda maganata take, har sun shiga juna. Idan suka yanka, ta yiwu farfaɗiyar ta tafi, ta yiwu kuma ta tafi da sunayen abubuwa, in zauna yadda nake zama bayan faɗuwa, ba dawowa. Ya ce shi ba zai ba da shawarar a yanka ba. Za su zare wayoyin, su canza mini haɗin magani bisa abin da suka gani. Ya ce abin da na'urar ta ɗauka a lokacin da nake dawowa hayyacina zai amfane su a bincikensu, ya yi mini godiya.

Na fassara wa Yaya duka, har da godiyar. Ya miƙe tsaye. Ya ce a tambaye shi, an huda kan mutum an zura masa ƙarfe, sannan a ce masa ya tashi ya tafi? Ban fassara wannan ba. Na ce da likitan yayana yana godiya. Ina jin ya gane ba haka aka ce ba, don ya dafa kafaɗar Yaya kafin ya fita.

Da muka dawo gida aka yi ta zuwa barka. Kowa ya ɗauka an yi aiki an cire ciwon, mu kuma ba mu bi kowa da bayani ba. Mai ɗakina kaɗai na zaunar na gaya wa komai. Ta saurara tana tsince shinkafa a faifai, ta ce to, gara mai faɗuwa yana magana. Inna ba ta tambaya ba, ta shafa kaina ta ƙirga ɗinkin da yatsa.

Kafin ruwan farko na sake faɗuwa, a ƙofar gida, mutane suna dawowa daga jana'iza. Masu barka suka daina zuwa. Sabon maganin ya fi na da, yanzu takan yi wata da watanni ba ta zo ba, kuma audugar ta ɗan yi sauƙi. An mayar da ni aji, ina koyarwa a zaune, malamin ajin da ke kusa yana barin ƙofarsa a buɗe. Ina zuwa birni wajen likitata idan lokaci ya yi, mai ɗakina tana kai mata abin da ta ɗauka a waya. Ban sake cewa a nuna mini ba.

Kwanakin baya na je aski wajen wanzamin garinmu, a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Ya jiƙa kan, ya fara jan aska, sai ya tsaya. Ya taɓa ƙananan tabban ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, ya ce shi da yake yin ƙaho bai taɓa ganin tsaga mai tsabta irin wannan ba. Ya tambaya ko da zafi, na ce babu sosai. Ya wasa askar a tafin hannunsa, sannan ya rage murya.

“Malam, da suka leƙa, sun ga abin?”

Na ce sun gani.

“Suka yi yaya da shi?”

Na ce sun bar shi a inda yake.

Ya ce Allah Ya sawwaƙe, na ce amin. Ya karkatar da kaina gefe ya ci gaba da aski, yana kewaye tabban a hankali, yana ba ni labarin yadda tsutsa ta yi wa masararsa bana.